Tumuninki Ya Maƙale A Bakin Lauya

Ya ke 'yar'uwata, ajiye muciyar nan ki saurare ni. A wani ƙauye tsakanin Batsari da Safana, wata baiwar Allah mijinta ya rasu ya bar mata marayu huɗu da gona. Tumuninta Allah ne Ya yanka mata. Amma ko takaba ba ta fita ba, ƙanen miji ya ce ai gonar ba gado ba ce, saye ya yi wurin marigayi. Alƙali ya nemi shaidu, babu, ya ba ta gaskiya. Gogan sai ya ɗauko lauya ya ɗaukaka ƙara. Damina uku ke nan tana sintiri, har akuyarta ta tafi a kuɗin mota.

Wa ya buɗe masa wannan ƙofa? Da Turawa suka shiga Katsina a 1903 sun bar alƙalai, amma da takunkumi: hukuncin da bai kwanta wa Bature a rai ba, sokewa ake yi. A 1959 aka kafa wa Arewa Final Kod, wadda aka kwaikwayo daga Sudan, ita kuma daga dokar da Turawan Ingila suka rubuta wa Indiya a 1860. A 2000 aka dawo da shari'a Jihar Katsina, muka yi ta kabbara. To amma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga irin su aure, riƙon yara, kyauta, wasiyya da gado. Da an ce gardamar mallakar gona ce, ta kuɓuce wa Alƙalin Alƙalai, sai Babbar Kotu, inda ake zuba Turanci, ke mai haƙƙi kina zaune kamar kurma.

Kada dai mu ɗora wa Bature duka. Shi ya tafi tun 1960. Wanda ke laɓewa bayan dokarsa yana cin dukiyar marayu, wallahi a sahun gaba yake salla. Ranar ɗaurin aure shari'a, ranar rabon gado lauya!

Don haka uwargida, ki farka. Ki nemi maigida ya rubuta abin da ya mallaka gaban shaidu tun yana raye. Ki koyi rabon gado a Islamiyya. Masu zuwa da atamfa neman ƙuri'a kuwa, ki tambaye su yaushe za a gyara sashen nan.

Allah Ya isar wa marayu, amin.