Uwa Makarantar Farko: 'Yar Malafar da ke Kan Haruffan Faransanci



Uwargida, idan yaronki yana koyon Faransanci, a Maraɗi ne ko a Kano, kin sha ganin wata 'yar alama mai kama da malafa a kan wasula: â, ê, î, ô, û. Faransawa suna kiran ta accent circonflexe. Yara da yawa sukan ɗauka ado ce su bar ta, malam kuwa ya zabge musu maki a shifta.

Ga asalinta. A da can Faransawa suna rubuta hospital, forest da feste. Da tafiya ta yi nisa sai bakinsu ya daina furta wannan s ɗin, amma alƙalami bai daina rubuta shi ba. Masana sun aro alamar daga Girkanci tun ƙarni na 16, sannan a 1740 hukumar kula da harshen, wato Académie française, ta cire s a ƙamusunta, ta ɗora wa wasalin malafa: hôpital, forêt, fête. Su kuwa Ingilishi sun riga sun ari hospital da s ɗinta, daga wurinsu muka samo asibiti. Ashe harafin da Faransawa suka yar yana nan a bakinmu.

Abin lura shi ne, wani lokaci malafar ce kaɗai ke raba ma'ana. Jeune matashi ne, jeûne kuwa azumi. Mur bango ne, mûr kuwa nunanne. Kamar dai kafa da ƙafa a namu rubutun: lanƙwasa ɗaya ta ɓace, magana ta canza.

A 1990 an yi gyaran ƙa'idar rubutu a Faransa, aka ba da damar barin ta a kan i da u a kalmomi irin su maître da coût, kuma a 2016 littattafan firamare na can suka bi gyaran. Tsohon rubutun da sabon duk daidai ne. Amma a kan a, e da o tana nan daram, haka ma a jeûne da mûr.

Don haka uwargida, ko ba kya jin Faransanci, buɗe littafin karatun yaro ki gwada shi da abin da ya kwafa, harafi da harafi. Ki kuma tambayi malaminsa wace ƙa'ida suke bi, kada ki gyara abin da ba kuskure ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.