Liƙi Ba Sadaki Ba Ne

Jama'a, duk wanda ya saba zuwa biki ko taron ƙaddamar da faifan waƙa ya san yadda ake liƙi. In namiji ne ke riƙe da abin magana, a goshi ake manna masa kuɗi, ko a watsa masa a ƙasa, mai liƙi ya juya ya koma mazauninsa. Amma in mace ce, sai ka ga hannun wasu ya ɓata hanya, ya bar goshi ya gangara wuya, daga wuya ya nemi ƙirji. Ita kuwa tana tsakiyar baiti, ba damar ta tsaya, sai ta ja da baya tana murmushin dole, mutane suna tafi. Bayan an tashi, shi wannan mutum ne zai tare ta a bakin ƙofa yana neman lambar waya, wai shi babban masoyin waƙoƙinta ne.

A ganina tushen abin guda ne: mutumin da ya ba da kuɗi don waƙa yana ɗauka har mai waƙar ya saya. Ba a ƙasarmu kaɗai ake fama da wannan tunani ba, kuma arziki ko suna ba sa tsare mace daga gare shi.

A shekarar 2013, a birnin Denver na Amurka, mawaƙiya Taylor Swift tana ɗaukar hoto da masu sha'awar waƙoƙinta kafin ta hau dandali, sai wani mai gabatar da shiri a gidan rediyo ya cusa hannu ƙarƙashin tufarta. Shekarunta 23 a lokacin. Ba ta yi kururuwa ba, ta gama hoton, sa'an nan ta gaya wa mutanenta, su kuma suka sanar da gidan rediyon, aka sallame shi daga aiki. To, ku ji ƙarfin hali: shi ne ya riga ta zuwa kotu a 2015, yana neman diyyar miliyoyin daloli, wai ta ɓata masa suna. Ita ma ta shigar da tata ƙara, ta nemi dala 1 tak. A watan Agusta na 2017 kotu ta ba ta gaskiya. Abin lura shi ne irin tambayoyin da ta sha a gaban shari'a: me ya sa ba ta yi ihu ba, me ya sa ba ta fasa hoton ba, me ya sa mai gadinta bai yi komai ba. Wato ita aka taɓa, ita kuma ake tuhuma. In mace mai lauyoyi da dogarai ta yi shekara huɗu kafin a gaskata ta, ina ga yarinyar da ke jan baiti a ƙungiyar mawaƙan wani ƙauye, wadda mai damunta shi ne ya saya wa ƙungiyar janareta?

Wani lokaci abin yakan wuce taɓi. A watan Yuni na 2016, a birnin Orlando, Christina Grimmie mai shekara 22 ta gama waƙa, ta tsaya tana gaisawa da jama'a tana sa musu hannu a takarda. Wani mutum da bai taɓa zama da ita ba, amma ya ƙwallafa rai a kanta ta hanyar intanet, ya taso daga wani gari da bindiga ya harbe ta, sa'an nan ya kashe kansa.

Kada mu ce ai wannan halin 'yan duniya ne, gidan Allah ya tsira. A ƙarshen Agusta na 2018 aka yi jana'izar Aretha Franklin a wata babbar majami'a a Detroit. Bayan Ariana Grande ta yi waƙa, bishop ɗin da ke jagorantar sujada ya rungumo ta da hannu ɗaya, yatsunsa suka kai gefen ƙirjinta, duniya tana kallo a talabijin. Daga baya ya nemi gafara. Amma kafin nan, mutane da yawa ba hannun bishop ne ya dame su ba, gajartar rigar yarinyar ce suka yi ta tattaunawa. Ni ma ba zan so 'yata ta sa irin rigar nan zuwa jana'iza ba. Sai dai riga maganarta dabam, hannu maganarsa dabam, kuma mun ƙware wajen haɗa su don mai hannun ya sami mafita.

Wannan haɗin ne ke rufe bakin 'yan matanmu. A wurinmu mace mai waƙa a bainar jama'a tun asali da zargi take farawa, a ce ba ta da kunya, a ce idonta ya buɗe. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi shekaru tana kiɗan amada da ƙwarya, kiɗan da asalinsa na mata ne a cikin gida, inda mace za ta saki murya ba mai sa mata ido. Yau dandali a fili yake, waƙa kuma tana cikin wayar kowa. Yarinya ta sa sabuwar waƙar yabo a Facebook, cikin masu amsawa wani ya yi zancen jikinta, wani ya biyo ta da saƙo tsakar dare. In ta kai kuka wurin dattawa, sau da yawa amsar ita ce ta yi haƙuri, ta rage kwalliya, ko ta ɗan huta da waƙa tukuna. Ita ta bar ƙungiya, shi yana nan a kujerar gaba ranar Lahadi.

Abin mamaki, takardar naira ta fi samun mai tsaya mata. Dokar Babban Banki ta 2007 ta hana liƙi da tattaka kuɗi, har a 2024 wata kotu a Legas ta ɗaure wani wata shida a kan haka. Akwai kuma dokar tarayya ta 2015 mai hana cin zarafin mutane, wadda ta sa bibiyar mutum da tsoratar da shi cikin laifuffuka, jihohi da yawa kuma sun karɓe ta. Sau nawa aka taɓa karanta ta a taron matasa ko na zumuntar mata?

Masu shirya taro suna da abin yi tun kafin a kai ga 'yan sanda. A ajiye faranti ko kwando a gaban dandali, mai ba da kyauta ya zuba a ciki, kada kowa ya hau wurin mai waƙa. Gayyatar waƙa ta bi ta hannun shugaban ƙungiya, ba ta wayar yarinya ba. In taro ya kai dare, a san wanda zai mai da kowace gida. A kuma zaɓi iyaye mata biyu daga cikin zumunta waɗanda yarinya za ta iya gaya musu abin da ba za ta iya faɗa a gaban dattawa maza ba, su kuma in sun kawo maganar, wanda aka ambata ne za a kira ya amsa, ko da shi ne ya fi kowa ba da baiko.