Matan Tarihinmu Sun Cancanci Wuri a Bangon Aji

A ƙasar Sin masu zane sun daɗe suna ƙawata bango da hotunan matan tarihinsu. Akwai Wu Zetian, mace ɗaya tilo da ta hau gadon sarautar ƙasar da kanta, daga 690 zuwa 705. Akwai Ban Zhao, malamar da ta ƙarasa rubuta tarihin daular Han bayan rasuwar yayanta. Yarinyar da ta tashi tana ganin waɗannan zane-zane ba sai an gaya mata cewa mace ta taɓa riƙe mulki da alƙalami ba.

Mu fa, me ke bangonmu? Tsohuwar kalanda da hoton ɗan ƙwallon Turai. Alhali ba mu rasa matan da za mu yi tinƙaho da su ba. Ga Daurama ta Daura, a nan jiharmu ta Katsina. Ga Sarauniya Amina ta Zazzau, wadda har yau ake kiran tsofaffin ganuwoyi da sunanta. Ga Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji suke bin ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu mata.

Wani zai ce zanen fuskar mutum bai dace da tarbiyyarmu ba. Mun yarda, kuma dama babu wanda ya san kamanninsu. Amma maginan Zariya da Kano sun nuna mana hanya, domin da zayyana suke ƙawata bango, ba da fuska ba. A zana ganuwa don Amina, rijiyar Kusugu don Daurama, malfa da jan rawani don Asma'u, tunda su take naɗa wa kowace jaji. A ƙasa a rubuta suna da layi uku na tarihi.

Abin ba na ado kaɗai ba ne. A Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, duk mun san 'yan ajinmu mata da suka daina zuwa makaranta, wasu don rashin tsaro, wasu don an ce karatun mace ɓata lokaci ne. Fenti ba zai kawo tsaro ba. Amma wadda kullum take karanta sunan Asma'u a gefen allo tana da amsar da za ta bayar idan an raina karatunta.

Muna roƙon Shugaban Makaranta da malamanmu su ba kowane aji bango ɗaya a wannan zangon. Farar ƙasa da jar ƙasa da gawayi sun isa a fara. Mu 'yan ƙungiyar jarida mun ɗauki nauyin rubuta tarihin, malamin tarihi ya duba mana.