Daga Edita: Jirgin Da Ke Cikin Kwali Ba Karyayye Ba Ne

A cikin wasiƙun wannan mako akwai ta wani ɗan tireda da ya sayi dilar kayan wasan yara na gwanjo, ya tarar da wasu kwalaye masu hoton jirgin yaƙi. Da ya buɗe sai ya ga gutsattsarin roba manne a jikin wani firam, babu jirgi babu alamarsa. Yana tambaya, an cuce shi ne, ko kuwa a hanya kayan suka farfashe? Mun ga ya dace mu amsa masa a fili, domin akwai abin da ya shafe mu duka a ciki.

Malam, ba a cuce ka ba. Haka ake sayar da shi. Wanda ya saya shi ne zai yanko kowane yanki, ya goge bakinsa, ya bi takardar bayani lamba bayan lamba, ya manna da gam, sannan ya shafa fenti ya liƙa tambari. Wani jirgin a yini guda a gama, wani sai an yi makonni. Ba ya tashi, ba ya ƙara, ajiye shi ake yi a kan kanta ana kallo.

A Ingila wannan abu ya bunƙasa. Kamfanin Airfix, wanda aka kafa a 1939, ya shiga fitar da irin waɗannan jirage a shekarun 1950, ya fara da Spitfire, jirgin da Ingila ta yi tinƙaho da shi a yaƙin Hitila. A lokacin sule biyu ake sayar da shi a cikin 'yar leda. Daga baya Revell na Amurka da Tamiya na Japan su ma suka yi suna. Kuma ba da ka ake ƙera shi ba. Akwai ma'auni, wanda aka fi sani shi ne 1 bisa 72, wato inci ɗaya a jikin ɗan jirgin yana madadin ƙafa 6 a jikin na gaske. Spitfire mai faɗin fukafukai kusan ƙafa 37 sai ya dawo inci 6 da 'yan kai, ya zauna a tafin hannu, amma farfela da ƙafafu da mazaunin matuƙi kowanne yana inda yake.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu da jiragen Turawa? To, da ruwanmu. Daga 1940 Ingila ta riƙa loda jiragen yaƙi irin su Hurricane a cikin akwatuna, jirgin ruwa ya kawo su Takoradi ta ƙasar Gana. A can ake harhaɗa su, su taso su biyo ta Ikko, Kano, Maiduguri, su wuce Fort Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, su ratsa Sudan har Masar inda ake gwabzawa. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya. Haka kuma a 1967, farkon yaƙin basasa, a filin jirgin Kano aka sauke jiragen MiG da Tarayyar Sobiyet ta aiko. Ke nan wasu daga cikin jiragen da ke jikin kwalayen nan sun taɓa keta samaniyarmu, kakanninmu suna gona suna ɗaga kai.

Ba cewa muke yi talaka ya bar cefane ya sayi jirgin roba ba. Sabonsa da kuɗin waje ake shigo da shi, ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Abin da muke so a duba shi ne dabarar. Turawan nan sun sayar wa 'ya'yansu aiki ne da sunan wasa. Yaron da ya zauna ya haɗa yanki 40 ko 50 ya koyi haƙuri, ya koyi awo, ya koyi bin umarni a rubuce, ya kuma gane cewa idan ya yi garaje fiffike zai karkace.

Mu fa? Wane ƙauye ne babu yaron da ke fere kara ya yi mota, ko ya yanka gwangwani da tsohon silifa ya yi tirela har da sitiyarin waya? Basirar ke nan, iri ɗaya, ba tare da takarda ko gam ba. Amma me yake samu? Tsawa, wani lokaci har da bulala, wai ya tara shara a tsakar gida. In Sallah ta zo kuma uban nan da kansa zai saya masa bindigar roba, wadda ba ta koya masa komai sai auna ɗan'uwansa, kwana uku ta karye. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makanikin gobe da mai walda da injiniya a cikin waɗannan yara suke.

Saboda haka muna kira ga iyaye su bar yara su yi ƙere-ƙerensu bayan makaranta da aike, su ma riƙa yaba musu. Malaman firamare su dawo da darasin aikin hannu da gaske, a daina karɓar tsintsiya ko kuɗi a madadinsa. Masu masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai, da ke yi mana bokiti da kujera, su gwada yin 'yar mota ko jirgin da yaro zai haɗa da kansa a farashin da talaka zai iya. 'Yan tireda kuma su sani abin da suka kasa a tebur shi yaro zai yi sha'awa.

Sai dai a yi hattara. Jirgin yaƙi komai kyansa don kisa aka ƙera shi. Wanda zai ba yaro, ya haɗa masa da labarin marayun da irinsa ya bari, don ya so ƙirar ya ƙi yaƙin.

Kai kuma mai wasiƙa, kada ka zubar. Ka buɗe guda ɗaya, ka zauna da ɗanka ku haɗa, ka kafa shi a gaban tireda, sauran za su sami masu saye. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.