Fagen Sukuwa: Dokin Mai Baki Ya Fi Gudu

Da zarar watan Mayu ya kama a ƙasar Ingila, sai masu dawaki da masu horar da su da mahaya su shiga cika baki a jaridu da talabijin, kowa yana cewa nasa ne zai ɗauke kofi idan an haɗu a filin sukuwa na Ascot cikin watan Yuni. Hausawa dai sun ce dokin mai baki ya fi gudu. Saboda haka a wannan makon za a duba yadda masana ke auna dawakin gajeren zango kafin manyan tsere, domin mai karatu ya iya rarrabe dokin da ke gudu a fage da wanda ke gudu a bakin ubangidansa.

Dawakin da ake magana a kansu su ne 'yan asalin jinin tsere, waɗanda aka fara rubuta salsalarsu cikin littafi a Ingila tun shekarar 1791. A cikinsu akwai na dogon zango, akwai kuma na gajere. Turawan Ingila sun kasa mil ɗaya kashi 8, to, tseren gajeren zango shi ne na kashi 5 ko 6, watau kimanin mita 1,000 ko mita 1,200. Na mita 1,000 ɗin yakan ƙare cikin minti ɗaya ko abin da bai kai ba. Manyan tseren wannan fanni biyu ake yi a makon Ascot: na mita 1,000 ranar Talata, wanda aka daɗe ana kira King's Stand kafin a sake masa suna a 2024 ya koma na Sarki Charles na Uku, da kuma na mita 1,200 ranar Asabar, wanda ke ɗauke da sunan Sarauniya Elizabeth ta Biyu, kuɗin da aka sa a kansa a 2023 kuwa fam miliyan 1 ne. Daga nan sai Kofin Yuli a Newmarket, da Nunthorpe a York cikin Agusta, da na Haydock cikin Satumba, sa'an nan a ƙetara Faransa cikin Oktoba domin tseren Abbaye.

A takardar tsere, kusa da sunan kowane doki akan jera lambobi. Lamba 1 tana nufin ya zo na ɗaya a fitarsa ta baya, 2 na biyu, har zuwa sifiri idan ya gaza shiga cikin taran farko. Yawancin 'yan kallo a nan suke tsayawa: wanda ya fi tara 1 shi ne gwani. Amma lambar ba ta faɗin a wane fili aka yi tseren, ko ƙasa a bushe take ko a jiƙe, ko kuwa da su wa aka kara. Babu labarin da ya fi bayyana wannan kamar na wasu dawaki biyu da suka yi zamani tare, watau Battaash da Blue Point.

Battaash dokin marigayi Shaihu Hamdan Al Maktum na Dubai ne, Charles Hills ke horar da shi, Jim Crowley kuma ya fi hawansa. Tun yana shekara biyu aka dandaƙe shi saboda zafin kai. A Oktoban 2017 ya ci tseren Abbaye da ratar tsawon doki 4, a filin Chantilly, domin a wannan shekarar ana gyaran Longchamp. A Mayun 2018 ya sake ci a Haydock, alhali an ɗora masa ƙarin nauyi saboda nasarar da ya yi a Faransa. Haka ya iso Ascot da lambobi masu ƙayatarwa. Shi kuwa Blue Point, na bargar Godolphin a hannun Charlie Appleby, ya taho ne daga Hon Kon, inda ya zo na ƙarshe ƙurmus a cikin Afrilu. Wanda ya dubi takarda kawai ba zai waiwaye shi ba. Da aka buɗe ƙofa Battaash ya yi fintinkau kamar yadda ya saba, har ana ganin magana ta ƙare, amma a mita 200 na ƙarshe sai ƙafarsa ta fara nauyi, Blue Point ya cim masa ya wuce da ratar da ta kusa tsawon doki 2. A 2019 aka sake karawa, aka kuma sake maimaita abin da ya faru, Blue Point na ɗaya, Battaash na biyu.

Dalilin yana shimfiɗe a ƙasa. Miƙaƙƙiyar hanyar Ascot hawa take yi zuwa wajen ƙarewa, saboda haka mita 1,000 a can takan ci ƙarfin doki kamar wadda ta fi haka tsawo. Blue Point dokin mita 1,200 ne tun asali, yana da sauran numfashi a daidai inda Battaash ke ƙarar da nasa. Har ila yau ya riga ya nuna yana son wurin, domin a 2017 ya ci tsere biyu a Ascot, ya kuma zo na uku a wani babba na 'yan shekara uku. Duk wannan yana rubuce ga wanda ya ɗan koma baya cikin littafi. Abin da ya faru a Hon Kon kuwa, bayan doguwar tafiya cikin jirgin sama da kuma fili mai kwana, bai kamata a ba shi muhimmanci a kan miƙaƙƙen filin da dokin ya saba da shi ba.

A kai Battaash Goodwood kuma a ga aiki. Can gangara ce tun daga tashi, nan ne dokin da ke da tsananin sauri yake samun yadda yake so. Sau 4 a jere ya ci tseren King George a wannan fili, daga 2017 zuwa 2020, a na ƙarshen har ya kafa tarihin sakan 55.62. Doki ɗaya ne, mahayi ɗaya, zango ɗaya, amma a wani fili babu mai ganin ƙurarsa, a wani kuma sai an sha gabansa. Irin wannan ta sami Harry Angel, wanda ya ci Kofin Yuli da na Haydock a 2017, amma har ya bar tsere bai taɓa ci a Ascot ba ko sau ɗaya.

Bayan fili sai hali. Filin York shimfiɗaɗɗe ne, babu hawa babu gangara, a bisa lissafi ya dace da Battaash ƙwarai. Amma a 2017 ya zo na huɗu a Nunthorpe bayan ya tayar da hankalinsa tun kafin a shigar da shi kejin tashi, a 2018 ma na huɗun ya sake zuwa. Nan da nan aka yanke masa hukunci cewa ba ya son York. A Agustan 2019 da ya iso a natse, sai ya ƙare tseren cikin sakan 55.90, ya karya tarihin da Dayjur ya kafa tun 1990. Wannan gudu ya kusa kilomita 65 a awa. Ashe laifin ba na filin ba ne. Shi ya sa tsofaffin 'yan kallo ba su zama a kujera kafin tashi, sai su tafi da'irar da ake zagayawa da dawaki su duba wane ne ya jiƙe da gumi, wane ne yake fizgar linzami, domin dokin da ya ƙona ƙarfinsa a nan babu inda zai samo wani cikin minti ɗaya. Ba a rasa masu ganin cewa nasarar da Battaash ya samu daga ƙarshe a Ascot a 2020 tana da nasaba da rashin 'yan kallo, tun da a shekarar an rufe fili saboda annobar korona. Zancen yana da ƙamshin gaskiya, sai dai kada a manta Blue Point ba ya nan.

Ƙasa ma tana da nata hukuncin. Makonni kaɗan bayan wancan tarihi na York, Battaash ya koma Faransa, ya tarar ruwan sama ya mayar da Longchamp taɓo, ya ƙare can cikin 'yan baya. Sifirin da aka rubuta masa a wannan rana ba ya nufin kome sai cewa kofatonsa ba ya son laka. Mai auna doki yakan ware irin wannan fita gefe guda, ya kuma jira ya ga abin da sama za ta yi a makon tsere kafin ya buɗe baki.

Maganar nauyi ba ta da tsawo a manyan tsere, domin a rukuni na 1 ba a yi wa kowa ƙari saboda ƙwazonsa. Shekaru ake dubawa, goɗiya kuma a rage mata laba 3. Inda take da amfani shi ne wajen karanta tseren gwaji na watan Mayu, inda wanda ya taɓa cin babban kofi yake ɗaukar ƙari. Masu lissafi sukan ɗauka cewa a mita 1,000 laba 3 daidai take da tsawon doki ɗaya, saboda haka dokin da aka kayar da tsawon wuya yana ɗauke da ƙarin laba 5 shi ne ya fi gudu a ranar, ko da takarda ta ba shi 2. A Nunthorpe kuwa ana barin 'yan shekara biyu su shiga da babban rangwame, da haka Lyric Fantasy ta ci a 1992, Kingsgate Native kuma a 2007.

Akwai kuma ƙuri'ar keji. A miƙaƙƙen fili, idan dawaki sun kai 20 ko fiye, sukan rabu gida biyu, wasu su bi wannan shinge wasu su bi wancan, sai ya zama tsere biyu ake yi a lokaci guda. Ɓangaren da ƙasarsa ta fi bushewa, ko wanda ya sami dawaki masu ja gaba da wuri, shi yakan fitar da gwani. Dokin da ya zo na biyar alhali shi ne na ɗaya a ɓangarensa ya cancanci a sa masa ido a fita ta gaba.

Baƙi daga Ostareliya su suka fi wuyar aunawa, domin ba su taɓa karawa da na Turai ba balle a kwatanta. A 2003 Choisir ya zo ba wanda ya damu da shi, ya ci na Talata, ya sake fitowa Asabar ya ci, abin da ba a sake yi ba sai da Blue Point ya yi a 2019. Bayansa Takeover Target ya ci a 2006, Miss Andretti a 2007, Scenic Blast a 2009, Nature Strip a 2022, sai Asfoora a 2024. Amma tafiyar tana da tsada a jikin doki. Goɗiyar nan Black Caviar, wadda ta fita sau 25 ta ci 25, da kyar ta sha a Ascot a 2012 da tsawon kai, bayan mahayinta Luke Nolen ya sassauta mata kafin layi, daga baya kuma aka gano ta yi rauni a tsoka. A takarda 1 ce kamar sauran, alhali ranar ba ta yi kusa da gudun da ta saba yi a gida ba.

Mai karatu zai iya tambaya, mece ce ribar wannan ƙididdiga ga wanda ba ɗan caca ba? Amsar tana wurin masu dawakin. Ingarman da ya ci babban kofi a Ascot darajarsa wajen barbara takan ninka kuɗin kofin sau da yawa, shi ya sa kwanaki kaɗan bayan nasararsa biyu ta 2019 aka janye Blue Point daga tsere yana shekara 5, aka kai shi gonar kiwo a Ailan, inda ya haifi gwanaye irin su Big Evs da Rosallion. Mai horarwar da ya kai ingarma filin da bai dace da shi ba, ya jawo masa sifiri biyu a jere, ya zubar wa ubangidansa dukiya mai yawa. Battaash kuwa, da yake dandaƙaƙƙe ne, babu abin da ake tanadinsa dominsa, sai ya ci gaba da gudu har 2021 yana shekara 7, ya tashi da nasara 13 cikin fita 25.

Duk da haka, babu fannin da yake kunyata masana kamar gajeren zango. A tseren mil ɗaya da rabi doki yakan yi tuntuɓe ya gyara, a nan kuwa jinkirin ƙiftawar ido a keji ya isa. Harry Angel ya maƙale ƙafarsa ta baya a jikin keji a Ascot a 2018 daidai lokacin da aka buɗe ƙofa, a ranar da aka fi sa masa rai. A 2023 Khaadem, tsoho ɗan shekara 7 wanda 'yan caca suka sa 80 da 1, ya ɗauke kofin Asabar. Aka ce sa'a ce, sai ya dawo a 2024 ya sake ɗauka. A Nunthorpe ta 2017 Frankie Dettori ya ɗaga hannu yana murna a kan Lady Aurelia, hoto ya fito ya nuna Marsha ta riga shi da tsawon hanci.

Dayjur ma, wanda Battaash ya karya wa tarihi, dokin Shaihu Hamdan ne. A 1990 ya share King's Stand da Nunthorpe da na Haydock da Abbaye, sa'an nan aka kai shi Amurka, filin Belmont na jihar New York, domin tseren gajeren zango na Breeders' Cup. Bai taɓa tsere a kan turɓaya ba, bai kuma saba da kwana ba, amma ya jure duka biyun, ya sha gaban goɗiya Safely Kept ana dab da layi. Saura 'yan taku kaɗan sai ya ga inuwar ginin 'yan kallo ta gitta a ƙasa, ya daka tsalle ya tsallake ta da Willie Carson a bayansa. Safely Kept ta wuce shi da tsawon wuya, daga wannan rana kuma Dayjur bai sake fita fage ba.