Kafin Urushalima, mu fara zuwa Wusasa

Karatu: Joshuwa 4:1-9



Kwamitin zumunta yana ta shawarar inda za a kai ziyarar ƙarshen shekara. Mun ji ana ambaton Yankari, wasu kuma suna cewa babban burinsu shi ne wata rana su taka Urushalima. Ba mu ƙi ko ɗaya ba, hutu ba zunubi ba ne. Amma namu ra'ayin, bana a je Wusasa.

Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Urdun, Ubangiji ya sa aka ɗebo duwatsu goma sha biyu daga tsakiyar kogin aka kafa, domin yara su gani su yi tambaya, iyaye kuma su ba da labari. To, dutse ba ya magana. Idan ba a bi da yaro ta wurin ba, tambayar ba za ta taso ba. Mu ma muna da irin waɗannan duwatsu, sai dai yawancinmu mun fi sanin sunayen garuruwan Galili fiye da su.

A shekara ta 1900 wata ƙaramar ƙungiyar 'yan mishan ta CMS, ƙarƙashin Bishop Tugwell, ta isa Kano. A cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller. Kun san inda ya koyi Hausa? A Tarabulus, ƙasar Libiya ta yau, a bakin fatake da alhazai Hausawa da ke can. Wato tun kafin bishara ta shigo cikin harshen nan, harshen ya riga ya ƙetare Sahara da ƙafafun masu shi. Sarkin Kano Aliyu bai yarda su zauna ba, sai suka koma Girku, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. A Girkun nan ne kuma Walter Gowans na SIM ya mutu tun 1894. A 1905 Miller ya samu wurin zama cikin birnin Zariya.

Sashen labarin da ya fi taɓa zuciyarmu lokacin da muke makarantar tauhidi shi ne na Isawa. A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano mai suna Ibrahim, wanda karatunsa ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa ƙwarai, har aka kashe shi saboda koyarwarsa. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi wajen Ningi, suna riƙe da ɗan abin da suka ji ba tare da Littafi a hannu ba. Wajen 1913 zuriyarsu suka haɗu da Miller. Aka kafa ƙauyen masu bi a Gimi, ciwon barci ya shiga ya kashe mutane da yawa. A 1929 aikin mishan ya tashi daga cikin birni ya koma Wusasa. Daga wannan ɗan ƙauye aka sami Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, a nan kuma Janar Yakubu Gowon ya girma. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932.

Ranar da muka fara shiga tsohuwar majami'ar St Bartholomew, mu ɗalibai ne masu yawan surutu, amma kowa ya yi tsit. Ginin ƙasa ne, katanga mai kauri, ga bakan gizo irin na zauren sarakuna, ciki da sanyi ko da rana tsaka. Duk wanda ya taɓa ce maka bangaskiyarka kayan aro ce daga Turai, ka kai shi ya ga hannun maginan Hausa a jikin wannan bango.

Wata shekara kuma mun bi ta Sakkwato da Illela muka ƙetara Birnin Ƙonni, muka isa Galmi a Nijar, inda asibitin SIM yake aiki tun 1950. Kuɗinsu sefa ne, bokonsu Faransanci, har asibiti ma "likita" suke ce masa. Turancinmu bai yi mana amfanin komai ba. Amma da aka tashi waƙa ran Lahadi, ba wanda ya bukaci mai fassara. Muka yi sujada, muka ci tuwo, kamar a gida.

Mun san abin da wasunku za su ce, domin mun sha ji. Na farko, yawancinmu ba Hausawa ba ne, kuma Hausa ta danne harsunan iyayenmu, har akwai ɗan Atyap ko Bajju ko Berom da ba ya iya gaishe da kakarsa da yarensu. Wannan gaskiya ce, abin baƙin ciki kuma. Sai dai ku duba da kyau, matashin da ya bar sujadar Hausa ba yaren kakarsa yake komawa ba, Turanci yake tafiya, ya rasa biyun duka. Na biyu ya fi nauyi. Akwai gidaje a cikinmu da suka binne 'yan'uwa bayan Kafanchan a 1987, ko Zangon Kataf a 1992, ko Kaduna a 2000, ko Jos a 2001, har jin harshen ma yana tayar musu da miki. Ba mu da bakin cewa ciwon ƙarami ne. Amma harshe bai ɗauki adda ba. Da shi aka yi wa iyayenmu baftisma, da shi 'yan Sabon Rai suka bi ƙauyuka a ƙafa da keke, da shi kuma 'yan'uwanmu Hausawa masu bi a Kano da Katsina da Zariya suke addu'a yau, sau da yawa cikin tsanani fiye da namu. In muka ce Hausa ba tamu ba ce, su muka bari su kaɗai.

Saboda haka muna roƙon kwamiti ya sa Wusasa a gaba, a rubuta wa shugabannin ikilisiyar can tun da wuri domin a sami dattijon da zai zaga da mu. Kafin ranar tafiya kuma, kowa ya sami tsoho ko tsohuwa ɗaya daga cikin masu zama a bencin gaba a sujadar Hausa. Ka je gidansu da yamma, ka durƙusa ka gaisa, ka nemi izini ka kunna rikoda a wayarka. Ka tambaya, Baba, wa ya fara kawo bishara garinku, da ƙafa ya zo ko da keke, wace waƙa kuka fara koya? Mama, a wane rafi aka yi miki baftisma, me aka ce miki a gida ranar? Abin da kuka samo za mu saurara tare a cikin mota, a hanyar Zariya.