Filin manoma: kai ƙasa a gonar gangare

Cikin rani manoma da yawa suna ɗibar ƙasa mai ƙarfi su kai gonar jigawa. Wani ya kwaso ta juji, wani ta tabkin da ya ƙafe, wani ya fasa tsohon suri. Aiki ne mai wuya, ga jaki ga amalanke, mako da makonni. Amma in gonar tana bisa gangare, ruwan farko yana iya kwashe ƙasar nan cikin dare ɗaya. Da safe mai gona ya iske ta can kwari, ta binne shukar maƙwabcinsa. Ga hasara, ga shari'a gaban maigari.

Rairayi ba ya riƙe abin da aka aza masa. In aka baza laka a kansa aka tafi, ruwa ya buge ta, rana ta busar, sai ta yi ɓawo. Ruwa na gaba ba ya shiga ƙasa, gudu yake yi, yana tafiya da ita. Iskar gabas da ke zuwa gabanin hadari ita ma tana ɗaukar nata rabo, kuma mai laushin take zaɓa, wadda shuka ta fi so.

Saboda haka tare gangare shi ne aikin farko, zuba ƙasa ya biyo baya. Ana yin layuka a gicciye, su tare hanyar ruwa. Ana farawa daga kan tudu, don can ruwa yake soma gudu. Wanda ya fara daga ƙasa, ruwa zai iso masa da ƙarfi ya fasa aikin. Layi kuma ya zama daidai, kada gefe ɗaya ya fi zurfi. Malaman gona suna auna wannan da tiyo mai ruwa a ciki.

Inda akwai dutse, kamar ƙasar Adar, ana jera duwatsu cikin ɗan rami, su taso kamar santimita 20 zuwa 30. A jigawar Maradi da Damagaram dutse ya yi wuya. Can gamba ce maganin. Ana dasa ta a jere cikin damina, saiwarta ta kama rairayi, ga kuma zana da kaka. Kafin ta kama, rassan sabara ko na kalgo, a kwance an danne su da turaku, suna tare ƙasa. Gangare mai tsanani yana son layuka kusa da juna.

Tassa da rabin wata sun raya fako da yawa a jihar Tawa, amma aikin ƙasa mai tauri ne. A rairayi ramin cikewa yake yi.

In an gama layuka, sai a zuba ƙasar a bayan kowane layi, ta wajen tudu. A sa hauya a gauraya ta da rairayi da taki, kada ta zauna sama ita kaɗai. Daga nan a rufe da karan hatsi. Masu bincike a Sadore, kusa da Yamai, sun gwada sun ga kara kamar tan 2 a hekta ɗaya yana rage ƙasar da iska ke ɗauka ƙwarai. Gaskiya kara yana da masu so: dabbobi, darni, murhu. Wanda nasa bai isa ba, ya rufe wurin da ya zuba sabuwar ƙasa kawai. Makiyayi da ke kwana da garke a gonar a nuna masa wurin, ya kewaye shi, don kofato yana tone ƙasa.

Kashegarin ruwan farko mai gona ya zaga. Duk inda ya ga ɗan kwararo ya tsaga layi, ya toshe shi ran nan da ƙaya da kara, tun bai zama kwazazzabo ba.